Yadda ake zaɓar ƙaramar bindiga mai sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka don kare kai a Amurka

Wannan bayani na mazauna Amurka ne, inda doka ta yarda farar hula ya mallaki ƙaramar bindiga, a jihohi da yawa ma ya fita da ita a ɓoye a jikinsa. Lissafin Najeriya daban ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da ɗaya yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Bindigar da ka saya da halalinka a Houston ko Atlanta can za ta zauna, ba a sa ta cikin kayan tsaraba in za a zo gida.

Takardunka kafin kuɗinka

Kafin ka leƙa shagon bindiga, ka tabbatar kana cikin waɗanda dokar tarayya ta yarje wa. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye. Mai bizar karatu, ta ziyara ko ta aikin wucin gadi an hana shi, sai a 'yan keɓantattun halaye, kamar wanda ke da lasisin farauta na jiha. Wanda ba shi da takardun zama kuwa ko kusa. In kai ba ɗan ƙasa ba ne, kuɗin ganin lauyan shige da fice na awa ɗaya ba asara ba ne, domin laifin da ya shafi bindiga yana cikin dalilan da ake korar mutum daga ƙasar ko da yana da katin dindindin.

Dillali mai lasisin tarayya ba ya sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma a jihar da kake zaune za ka karɓe ta. Zai ba ka fom mai lamba 4473 ka cike, sannan a duba sunanka a tsarin binciken da ake kira NICS, wanda hukumar FBI ke gudanarwa. Amsa uku ce: a ba ka, a jinkirta, ko a hana. Fom ɗin yana tambaya kan babban laifi, hukuncin dukan iyali, shan miyagun ƙwayoyi har da wiwi, da matsayinka na ɗan ƙasa. Ƙarya a kowane layi babban laifi ne. Haka nan saya wa wani da sunanka, ko da ɗan uwanka ne ciki ɗaya ya ba ka kuɗin ya ce ka taimaka.

Mallaka daban, fita da ita daban. Fiye da rabin jihohin Amurka yanzu ba sa neman lasisin ɗauka; Texas ta shiga sahunsu a watan Satumba na 2021. New York, New Jersey, California, Maryland da Illinois suna nema, da kwas da zanen yatsa da jira. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2022 a shari'ar Bruen ya soke sharaɗin sai ka nuna wata buƙata ta musamman, amma bai soke lasisin kansa ba. A New York sai da lasisi kafin ma ka mallaki bindigar. California tana sa jiran kwana 10 bayan saye, Illinois awa 72. Ko kana jihar da ba a tilasta ba, yankar lasisin ya fi: za ka zauna a aji ka ji dokar amfani da ƙarfi daga bakin wanda ya san ta, kuma wasu jihohin suna karɓar lasisin jiharka in tafiya ta kama ka.

Kasafin kuɗi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tara dala 600 ya zube su duka a kan bindiga, ya fito ba kube, ba harsashin atisaye, ba kuɗin malami. Raba kuɗin tun daga gida. Farashi yana motsi, amma a ƙiyasce kube mai kyau zai ci dala 50 zuwa 100, bel mai tauri wajen 40 zuwa 70, ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli 30 zuwa 120, harsashin gwaji da na atisayen farko kusan 150, ga kuɗin kwas da lasisi da ya danganta da jiha. Abin da ya rage shi ne kuɗin bindiga. Wanda ya sayi ta dala 300 ya kashe sauran a filin koyon harbi ya fi wanda ya sayi ta 600 ya ajiye a durowa.

Nauyi: a nan ake yaudarar sabon shiga

Kowa yana son wadda ba ya jin ta a jiki. Matsalar ita ce ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke turo bindigar baya, kuma duk yadda bindiga ta rage nauyi, haka shurinta ke ƙaruwa a tafin hannu. Ga ƙota gajera da ɗan yatsanka na ƙarshe ba ya samun wurin zama, ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta ragu, don haka ɗan karkacewa kaɗan sai ta zama kuskure babba a mita 7. Ruger LCP, mai nauyin kusan giram 270, tana shiga aljihun wando ta ɓace, amma mutane da yawa kafin su gama kwalin harsashi 50 hannunsu ya yi tsami. Wanda hannunsa ke tsami ba ya komawa atisaye, wanda ba ya atisaye kuma ba ya samun abin da ya saita.

Ga yawancin mutane, tsaka-tsakin yana tsakanin giram 480 da 620 ba tare da harsashi ba, kauri wajen inci ɗaya, bututu inci 3 zuwa 3 da rabi. Ka tuna harsashi 10 zuwa 12 zai ƙara kusan giram 120 zuwa 150 a kan abin da aka rubuta a kwali. Kuma abin da ke tona asirin bindiga a ƙarƙashin riga shi ne tsawon ƙota da kaurinta. Bututu yana kwance ne cikin wando, ba ya damun kowa sai lokacin zama.

Girman harsashi

Ka fara da 9mm, sai in akwai dalilin kauce masa. Shi ya fi arha cikin harsasan kare kai, ana samunsa a kowane shago, kuma hukumar FBI kanta ta dawo gare shi bayan shekaru tana amfani da .40. Mai .380 ya fi laushin shuri in bindigar tana da ɗan jiki, amma harsashinsa ya fi tsada kuma ƙarfinsa bai kai ba. Libarba ƙarama kuwa .38 Special take ci. Ka bar .40 da .45 da .357 Magnum a ƙaramar bindiga mara nauyi, azaba ce kawai. .22 tana da daɗin koyo da arha, sai dai harsashinta ya fi sauran yawan ƙin tashi.

Harsashi iri biyu za ka saya. Na atisaye mai dunƙulallen kai ne, da rigar tagulla, yawanci mai lambar nauyi 115 ko 124 a jikin kwali. Na ɗauka mai rami ne a kai, wanda ke buɗewa in ya shiga, don kada ya ratsa ya sami wanda ke baya. Ma'aunin da FBI ta kafa bayan musayar wutar Miami ta 1986 shi ne harsashi ya shiga inci 12 zuwa 18 cikin jelatin na gwaji, wani abu mai kauri da ke kwaikwayon tsoka. Federal HST, Speer Gold Dot da Hornady Critical Defense suna cikin sanannu. Mazauna New Jersey su karanta dokarsu da kyau, tana da tsauri a kan harsashi mai rami.

Waɗanda suka cancanci a duba

A ɓangaren arha, wajen dala 250 zuwa 350, akwai Ruger EC9s mai cin harsashi 7 a magazin, wato gidan harsashi da ake cirewa, da ɗaya a ɗaki, wato gindin bututu inda harsashi ke zama kafin a harba, nauyinta kusan giram 490, siririya, sai dai saitinta a jikin ƙarfen aka sassaƙa shi, ba a canzawa. Akwai Taurus G3c mai cin 12, ta fi kauri da nauyi, kusan giram 620, wanda hakan ya sa ta fi sauƙin harbi. Akwai Taurus GX4 mai cin 11, wadda ta fito a 2021.

In aljihu ya kai dala 400 zuwa 600, nan ne kasuwar ta cika. SIG Sauer P365 ta fito a 2018 da harsashi 10 a jikin da a da 6 ko 7 yake ɗauka, nauyinta kusan giram 500, ita ta sa sauran kamfanoni suka bi sahu. Springfield Hellcat ta 2019 tana cin 11 ko 13. Smith & Wesson Shield Plus ta 2021 tana cin 10 ko 13, kuma sau da yawa ita ce mafi sauƙin kuɗi a wannan aji. Glock 43X tana cin 10, ƙotarta ta fi tsawo, mai babban hannu zai fi jin daɗinta, kuma kube da kayan gyaranta ba inda babu su. Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne: bindigar da ba a santa ba, ko ta yi arha, za ka sha wahalar samun kubenta da magazin ɗinta.

Dattijo, ko mai ciwon gaɓoɓi, ko duk wanda jan kan bindiga baya, wato ƙarfen saman da ke zamewa, ke ba shi wuya, ya gwada Smith & Wesson Shield EZ; an yi ta da sifirin mai laushi da magazin mai sauƙin lodi. Ana yawan tura mata da tsofaffi wajen ƙaramar libarba irin Smith & Wesson 642 ko Ruger LCR, wai don ba ta da rikici. Gaskiya ne ba ta cika cijewa ba, amma harsashi 5 take ci, kunamarta na buƙatar jan kilo 4 da rabi zuwa 5 da rabi, kusan ninki biyu na fistol, kuma da nauyin giram 400 shurinta ba wasa. Tana cikin bindigogin da suka fi wuyar ƙwarewa.

A California, New York, New Jersey, Massachusetts da Connecticut, magazin da ya wuce harsashi 10 haramun ne ga yawancin mutane, don haka kada ka biya kuɗin 13 da ba za ka iya riƙewa ba. Ta hannu ma ba laifi in daga dillali mai lasisi ce. Haska tocila cikin bututun ka ga ba tsatsa ba kumburi, duba jikin ba tsagewa, ka guji wadda mai ita na farko ya taɓa kunamarta, sannan ka shigar da lambar jikinta a shafin kamfanin ka ga ko tana cikin waɗanda aka taɓa kira a dawo da su don gyara.

Gwaji kafin saye

A shago, ka sa mai shagon ya nuna maka ba komai a ciki, kai ma ka duba da idonka, ka juya bakinta inda ba mutum. Kafa bayan ƙotar a tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, yadda bututun zai yi layi ɗaya da damtsenka. A haka, tsokar gaɓar farko ta manuninka ya kamata ta kai fuskar kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. In sai ka murɗa, ta yi maka girma. Ja kan bindigar baya har ƙarshe, ka kulle shi a buɗe, ka danna maɓallin sakin magazin. Duk abin da ya gagare ka a shago cikin natsuwa, ba zai yi sauƙi ba ranar da hannu ke rawa.

Daga nan ka zaɓi biyu ko uku ka je filin harbi mai ba da haya. Ka tafi da abokin tafiya, domin filaye da yawa ba sa ba wa baƙo shi kaɗai hayar bindiga. Liƙa farantin takarda mai faɗin santimita 20 a tazarar mita 5. Harba biyar a hankali, sannan biyar da ɗan sauri, ka maimaita da kowace har harsashi 30 zuwa 50. Wadda ta fi tara ramuka cikin farantin, kuma hannunka bai ƙosa da ita ba, ita ce taka, ko da ba ita ka so a hoto ba.

Bayan ka saya, kada ka ɗaura ta a jiki tukuna. Wanke ta ka sa mai, ka harba 200 zuwa 300 na atisaye da dukkan magazin ɗinka, sannan aƙalla 50 na ainihin harsashin da za ka riƙa ɗauka, domin akwai bindigar da ke cin dunƙulallen harsashi lafiya amma mai rami ya riƙa maƙale mata a hanya. Sa wa kowane magazin lamba da alƙalami, in matsala ta taso ka san daga wanne take.

Abin da ke lalacewa, da dalilinsa

Kwanson harsashi ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita bayan harbi: yawanci riƙo ne ya yi sako-sako. Kan bindigar yana buƙatar jiki tsayayye da zai tokara da shi kafin ya kai baya sosai, kuma ƙananan bindigogi sun fi saurin nuna wannan. Ɗaure wuyan hannu, ka matsa riƙonka sama. Ka ja kunama ka ji ƙyas ba ƙara: galibi magazin bai zauna ba, musamman cikakke. Doki gindinsa da tafin hannu, ja kan baya ka sake shi ya koma da ƙarfinsa, kada ka raka shi da hannu. Kan bai tsaya a buɗe ba bayan harsashin ƙarshe: babban yatsanka ne ke danne ɗan ƙarfen da ke riƙe shi. Ramuka na taruwa ƙasa ta hagu ga mai harbi da dama: kana tsoron shuri kana dukar da bakin bindiga kafin ta tashi. Maganinsa atisayen jan kunama da bindiga fanko, minti 10 sau biyu ko uku a mako, a ɗakin da ba harsashi ko ɗaya.

Ɗaya ce mai haɗari ƙwarai. In ka ji ƙara mai rauni da shuri kaɗan, tsaya nan take. Mai yiwuwa harsashin ya tsaya cikin bututu, na biyu in ya bi shi zai fasa bindigar a hannunka. Sauke ta ka kira mai kula da filin.

Kube da irin tufafinmu

Kube mai kyau sharaɗi uku gare shi: ya rufe kunama gaba ɗaya da abu mai tauri, ya riƙe bindigar ko an kife shi, kuma bakinsa ya zauna a buɗe bayan an zare. Na roba mai tauri da ake kira Kydex, wanda aka zuba daidai da samfurin bindigarka, shi ya fi cika su. Na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga, ka bar shi a shago. Soka bindiga tsirara a ƙugu ko a aljihu tare da makullai ita ce hanyar da mutane ke harbin cinyarsu.

Masu sayar da kube da wandon jins da bel suke lissafi. Wandon kaftani mai tazuge ba ya riƙe rabin kilo. Zai zazzago, ko kuben ya biyo bindigar in ka ja. Mafita ita ce ɗamarar ciki da ake ɗaurawa a jiki kai tsaye, mai kube mai tauri a haɗe, irin PHLster Enigma, ko tela ya sa wa wandon madaukan bel mai faɗin inci ɗaya da rabi. Babbar riga da doguwar kaftani suna ɓoye komai, amma yadin da za ka tattare kafin ka kai ga ƙota yana da yawa. In kaftaninka yana da tsagar gefe da ke kaiwa aljihun wando, ƙaramar bindiga cikin kuben aljihu ta fi dacewa, aljihun kuma ya zama nata ita kaɗai. Hajiya mai abaya, ke ma ɗamarar ciki ta fi miki jakar hannu: jaka ita ɓarawo ke fara fizgewa, ita ake ajiyewa a kujera a gidan biki, ita yara ke buɗewa neman alawa.

Gwada shirin a gida da bindiga fanko. Zauna a mota ka ɗaura bel, ka tsuguna, ka yi ruku'u da sujada da zaman tahiya. Wadda ke bayan ƙugu tana bayyana a ruku'u, wadda ke gaban ciki tana tokare cinya a sujada in bututun ya yi tsawo. Wajen alwala ko kewayawa, bindiga ba ta barin kubenta, kube kuma ba ya barin jikinka. Game da masallaci, wasu jihohin sun taƙaita shiga wuraren ibada da makami, inda ba su taƙaita ba kuma kwamitin masallaci yana da ikon hanawa, sai a tambaya.

Mayar da bindiga kube shi ne lokacin da aka fi yin haɗari. Ba gaggawa a ciki. Yatsa a miƙe a jikin ƙarfe, ido a kan bakin kube, ɗaya hannun ya kawar da riga da igiyar tazuge. In ka ji wani abu ya tokare, fito da ita ka duba, kada ka danna.

Wanki da ajiya

Tsarin saukewa ba ya canzawa: magazin ya fara fita, sannan a ja kan baya, sannan a duba ɗakin harsashi da ido da yatsa. Wanda ya juya tsarin ya sake loda wani bai sani ba, kuma Glock da wasu irinta sai an ja kunama kafin a kwance su. Bindigar da ke jiki kullum tana tara gumi da zaren tufafi, a goge ta duk mako biyu ko da ba a harba ba. Ɗigon mai a kan hanyoyin da kan ke zamewa da bayan bututu ya isa; kada mai ya shiga ramin allurar da ke dukan harsashi, yana tara datti ya rage mata ƙarfi. Harsashin da ake ta sakawa ana cirewa daga ɗaki, kansa yana nutsewa cikin kwanso ya ƙara matsi, in ka ga ya fi 'yan uwansa gajarta ka ware shi. Canza na ɗauka duk wata 6 zuwa shekara. Bayan atisaye ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, saboda dalmar harsashi.

A gida, in ba ta jikinka to tana cikin akwati a kulle. Saman kabad ba ajiya ba ce a gidan da yara suke. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna fiye da rabin mutuwar bindiga a Amurka kashe kai ne, don haka in wani a gidan yana cikin matsanancin ƙunci, ko ana rikicin aure mai zafi, a fitar da ita zuwa ajiyar dillali har ƙura ta lafa. Lambar neman taimako a irin wannan hali 988 ce.

Inda ba a shiga da ita, da 'yan sanda

Lasisi ba ya buɗe maka gidan waya, kotu, gine-ginen gwamnatin tarayya, ko bayan shingen bincike a filin jirgi. Makarantu ma dokarsu mai tsauri ce. Galibi doka ba ta yarda da harbi ba sai a kan barazanar kisa ko mummunan rauni da ke gabanka a lokacin, wasu jihohin kuma suna wajabta ka janye in akwai hanya. Zare ta don tsoratar da wanda kuka yi cacar baki a wurin fakin laifi ne da kan kai mutum gidan yari.

In ɗan sanda ya tsayar da kai a mota, kashe injin, kunna fitilar ciki in dare ne, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari. A Michigan dole ne mai lasisi ya sanar nan take, a wasu jihohin sai an tambaya. Baƙar fata ya ƙara taka-tsantsan a nan: a watan Yulin 2016 ɗan sanda ya harbe Philando Castile a Minnesota, yana da lasisin ɗauka, daƙiƙoƙi bayan ya faɗa cewa akwai bindiga a jikinsa. Ka faɗi cewa kana da lasisi, ka faɗi inda bindigar take da inda walat ɗinka yake, sannan ka tambayi jami'in yadda yake so ka yi. Hannunka kada ya bar sitiyari sai ya ba ka umarni.